KANCE: Neman alfarma wajen gina gidajen haya, riba ce ko hasara?

Duk wanda ya biyo hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Kance zuwa Matamaye, idan ya dubi bakin gari dama da hagu, zai ga wani irin gini da kakanninmu ba su sani ba. Ɗakuna ne jere reras, bango ɗaya ya haɗa wannan da wancan, rufin kwano ɗaya ya lulluɓe su duka, kowane ɗaki da ƙofarsa da iyalin da ke cikinsa. Shi ne mutanen birni ke kira selibateriyom. Asalin sunan na gwauraye ne, amma a yau magidanta ne da matansu da ƴaƴansu suka cika irin waɗannan gidaje: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, jami'an tsaro da aka turo aiki, da ƴan kasuwar da suka baro ƙauye.

Masu gina su kuwa akasari ba manyan attajirai ba ne. Mai sana'ar man gyaɗa ce da ta shekara biyar tana zubin adashe, ko dillalin rake na Dungu, ko mai kai dabbobi kasuwar Mai'aduwa, ko wanda ya dawo daga ci-rani da ɗan abin da ya tara. Mutanen wannan yanki sun fi kowa sanin yadda ake samo irin wannan kuɗi, domin ba wanda ya manta da watan Oktoba na 2013, lokacin da aka tsinci gawarwakin mutum 92 a cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga ƙasar Kance. Dukiyar da aka nemo da irin wannan wahala ba ta wasa ba ce.

Ga kuma matsin fili. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu kusan mutum 400,000 a gundumar Kance mai ƙananan hukumomi tara, wadda tana cikin gundumomin da suka fi cunkoso a Nijar. Fili ya yi tsada, don haka wanda ya samu ɗan abin da ya samu yana so ya cika shi da ɗakuna har bakin iyaka. A nan ne maganar alfarma ke shigowa.

Tambayar da ta jawo wannan rubutu

Watannin baya, a shirin da nake gabatarwa a rediyo kan harkokin kasuwa, wata baiwar Allah mai sayar da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli a wani gari na yankin nan ta bugo waya cikin damuwa. Ta sayi fili mai faɗin mita 15 da tsawon mita 20. Magininta na farko ya tsara mata ɗakuna takwas, huɗu suna kallon huɗu, da salga biyu da wurin girki, da tsakar gida mai faɗi. Sai wani ɗan'uwanta ya ce ai filin zai ɗauki ɗaki 12, in aka mayar da wurin girki da na salga ɗakuna, aka kuma toshe bayan gidan da wasu biyu. Aka ce mata hukuma ba za ta yarda ba. Ta bi ta hannun wani mai faɗa a ji, ya ce ta je ta yi gininta ba wanda zai taɓa ta. Ba a rubuta kome ba.

Don kada tsakar gidan ta cika da ruwa, sabon maginin ya karkata kwanon zuwa waje, ya kuma fasa tagogi ta baya don iska. Da maƙwabcinta ya dawo daga tafiya, sai ya tarar ruwan rufinta na zuba a gidansa, tagogin ƴan hayarta kuma na kallon iyalinsa. Ya kai ƙara wurin mai unguwa. Wanda ya yi mata alƙawari kuwa an riga an canja masa wurin aiki. Tambayarta ita ce, ina za ta samu takardar alfarma yanzu da gini ya riga ya tsaya?

Tun daga ranar nake bin wannan magana. Abin da na fahimta shi ne alfarma iri biyu ce a harkar gini. Akwai wadda ake nema a samu, a rubuta, kowa ya kwana lafiya. Akwai kuma wadda ko an ba ka, kanka ka cuta.

Abin da doka ta tanada

Manyan dokoki biyu ne ke riƙe da harkar gini a ƙasar nan: doka mai lamba 2017-20 ta ranar 12 ga Afrilu 2017 kan tsara birane, da doka mai lamba 2018-25 ta ranar 27 ga Afrilu 2018 kan gine-gine da gidajen zama. A taƙaice, wanda zai yi gini a filin da hukuma ta yanka, wato lotisma, sai ya nemi takardar izinin gini, wadda aka fi sani da permi, daga ma'aikatar magajin gari. Ana haɗa takardar neman da shaidar mallakar fili da zanen ginin da ake son yi, masana su duba kafin a sa hannu. Wanda ya yi gini ba izini, ko ya saɓa wa zanen da aka amince da shi, hukuma na da ikon tsayar masa da aiki, ta ci shi tara, har ta kai ga rushewa.

Kowa ya san cewa a tsofaffin unguwanninmu akasarin gidaje an gina su ne ba tare da wannan takarda ba, kuma ba wanda ya zo ya rushe su. Wannan ne ke ruɗin mutane. Amma gidan gado da mutum ke zaune da iyalinsa daban ne da gidan da za a zuba iyalai goma waɗanda ba su haɗa kome ba sai bango. Ranar da rigima ta tashi, takarda ake tambaya.

Akwai kuma wata tsohuwar doka da mutane da yawa ba su san da ita ba, wato kundin dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa, wanda ake kira kod sibil. Aya ta 675 ta hana fasa taga a bangon da maƙwabta biyu suka yi tarayya a kansa sai da yardar ɗayan. Aya ta 678 ta ce tagar da ke kallon gidan maƙwabci kai tsaye sai an bar tazarar mita 1 da santimita 90 tsakaninta da iyaka. Aya ta 681 ta ce ruwan rufin mutum ya zuba a filinsa ko a hanyar jama'a, ba a gidan maƙwabci ba. Aya ta 655 kuma ta ɗora gyaran bangon tarayya a kan duk masu hakki a cikinsa. Idan mai karatu ya lura, baiwar Allah ɗin nan ta taka biyu daga cikin waɗannan ayoyi ba tare da ta taɓa jin labarinsu ba.

Ba Nasara ne ya fara kawo ta ba

Wasu kan ce wannan duk dokar Nasara ce. To, a tambayi malaman zaure. Littafin Risala, wanda ake karantawa a kowane gari na ƙasar Hausa, ya hana mutum fasa tagar da za ta tona asirin maƙwabcinsa, ko buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, ko haƙa ramin da zai cutar da shi, ko da a cikin filin mai haƙawar ne. Haka kuma hadisi ya zo daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, yana kwaɗaitar da mutum ya bar maƙwabcinsa ya ɗora azara a kan bangonsa, kuma malaman Malikiyya sun ɗauki wannan a matsayin kyautatawa da ake so, ba abin da alƙali zai tilasta ba.

Ashe ke nan addini da kansa ya raba mana abin gida biyu. Jingina da bangon maƙwabci alfarma ce, ana roƙo, ana bayarwa. Cutar da shi kuwa ba ta da alfarma. Tsofaffin maginan da suka ɗaga gine-ginen ƙasa irin na fadar sarkin Kance ba su da permi, amma sun san inda indararo zai zuba da inda wuriya za ta fita tun kafin su aza tubalin farko.

Alfarmar da ake iya nema

Abu na farko shi ne bango. Idan maƙwabcinki ya riga ya yi katanga a kan iyaka, ba dole ba ne ki ɓata kuɗi da fili wajen yin wata a jikinta. Aya ta 661 ta kod sibil ta ba da damar mayar da bangon na tarayya, in aka biya mai shi rabin kuɗin ginin da rabin kuɗin ƙasar da bangon ke kai. Sai dai a fara kiran magini ya duba ko tushen zai ɗauki nauyin rufi, domin katangar da aka yi don tare awaki ba ita ce bangon ɗaki ba.

Na biyu, taga da haske. Maƙwabci na iya yarda a yi ƴar ƙaramar taga can sama kusa da rufi, wadda iska za ta shiga amma ido ba zai leƙa ba. Na uku, shago a gaban gida. Mai son fitar da shago ɗaya ko biyu ta bakin hanya ya sa su a cikin zanen tun farko, ya faɗi irin sana'ar da za a yi a ciki, domin shagon atamfa daban, injin niƙa daban. Na huɗu, gini kashi-kashi. Wadda kuɗinta bai kai ba tana iya kai zanen gidan gaba ɗaya, ta bayyana cewa ɗaki huɗu za ta fara yi bana, saura sai ta kwashi adashe, ta kuma tambayi wa'adin takardar don kada ya ƙare ba ta sani ba.

Duk waɗannan, hanyar nemansu ɗaya ce. A fara da maƙwabci kafin a sauke yashi. A je gaban mai unguwa ko sarki da shaidu, domin dokar sarakunan gargajiya ta 2015 ta ba su ikon sasanta jama'a a irin waɗannan al'amura, a kuma rubuta abin da aka daidaita a kai, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa. Daga nan a haɗa wannan takarda da sauran takardu a kai ma'aikatar magajin gari. Duk kuɗin da aka biya a karɓi rasit mai hatimi. In an ce an yarda, a ce a rubuta. In an ƙi, a nemi dalili, domin sau da yawa gyara kaɗan ne a zane zai warware matsalar. Wanda filinsa na gado ne ko gona ce da gari ya cim mata, ya fara zuwa wurin hukumar kula da filaye da ake kira kofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta kafa, ya tabbatar da mallakarsa da iyakokinsa.

Abubuwa huɗu da ba a roƙo a kansu

Na farko, hanyar ruwa. Damanar 2024 ta kashe kusan mutum 400 a Nijar, ta shafi kimanin miliyan ɗaya da rabi, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu. A ranar 3 ga Satumba na wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwan sama mai yawa. Ruwa bai san mai faɗa a ji ba. In aka toshe masa hanya sai ya kwanta a gindin bango, ya jiƙa tushe, ya ci ƙasar a hankali. A gidan da ɗakuna ke manne da juna kuwa, bango ɗaya in ya tafi, iyali biyu yake faɗa wa, rufin kuma ya ja na kusa da shi.

Na biyu, mafita. Gida mai iyalai goma da ƙofa ɗaya ƴar siririya tarko ne. A irin waɗannan gidaje kowace mace da murhunta ko tukunyar gas a bakin ƙofa, wani ya ajiye jarkar fetur a ƙarƙashin gado, wayar lantarki kuma an ja ta daga ɗaki zuwa ɗaki. Idan bangon da ke raba ɗakuna bai kai har jikin kwano ba, hayaƙi da wuta ta sama suke bi su zagaye gidan cikin ɗan lokaci. Don haka a kai kowane bango har sama, a bar ƙofar gida da faɗin da mutum biyu za su fita tare da kaya. Lungu kuma na jama'a ne. Mita ɗayan da aka ci daga cikinsa ita ce za ta hana amalanke shiga da ruwa ranar gobara, ta hana a fito da mai naƙuda ko makara.

Na uku, salga da rijiya. Iyali 12, in kowane na da mutum biyar, mutum 60 ke nan. Ko a sansanin ƴan gudun hijira, ƙa'idar ƙungiyoyin agaji ita ce kada a wuce mutum 20 a salga ɗaya, kuma a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin salga da rijiya. Wannan ya fi shafar garuruwan da ke kusa da Korama, inda ruwa ke kusa da ƙasa, abin da ke sa rake da kayan lambu albarka, shi ne kuma ke sa ƙazantar rami saurin kai wa rijiya. Annobar amai da gudawa ta 2021 ta kama sama da mutum 5,000 a ƙasar nan, fiye da 150 suka rasu, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram na cikin waɗanda abin ya shafa.

Na huɗu, tushe da ƙarfin bango. Siminti buhu ɗaya da aka matse aka fitar da bulo fiye da kima, ko tushen da aka haƙa taƙi ɗaya, ko bene da aka ɗora a kan ginin da ba a yi shi don bene ba, duk araha ce da ba ta ado. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage farashin siminti bayan ɓarnar ambaliya. Wanda ya samu sauƙi a nan, ya mayar da shi cikin tushe.

Mu yi lissafin kasuwa

Tun da da ƴan kasuwa nake magana, mu ɗauki alƙalami. Mu ƙaddara kowane ɗaki ana hayarsa jika 8 a wata. Ɗakuna huɗun da aka cusa za su kawo jika 32 a wata, wato jika 384 a shekara, in har ba su taɓa zama ba kowa ba kuma kowa ya biya a kan lokaci. Kuɗi ne, ba wanda zai raina.

To, a ɗaya gefen sikeli a ɗora kuɗin gina ɗakunan huɗu, wanda sai an yi shekaru ana karɓar haya kafin ya dawo. A ɗora kuɗin yashe salga da za ta riƙa cika kowane lokaci. A ɗora cewa ma'aikaci mai albashi, wanda shi ne ɗan hayar da kowa ke so, ba ya zama gidan da ake layin ban-ɗaki da asuba, kuma matarsa ba ta da wurin shanya. Waɗanda za su rage su ne masu shiga yau su fita gobe da bashin wata uku. A ɗora zirga-zirgar kotu da ranakun kasuwa da za a rasa. Daga ƙarshe a ɗora abin da ba ya da farashi, wato a wayi gari bango ya danne ɗan wani a gidanki. Mai lissafi ya san inda sikelin zai rinjaya.

Alfarmar baki ba ta da tsawon rai

Kujera ba ta dawwama. A ranar 4 ga Afrilu 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi a duk faɗin Nijar, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Duk wanda ya dogara da cewa wane ya ce in yi, ranar nan ya wayi gari ba shi da kowa. Takardar da ke cikin kundin ma'aikata kuwa tana nan, ko wa ya hau.

Ƴan kasuwarmu masu zuwa Kano sun ga abin da ya faru a watan Yuni na 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin jihar ta rushe shagunan Filin Idi waɗanda aka gina a zamanin gwamnatin da ta gabace ta. Masu shagunan sun je kotu da takardunsu, a watan Satumba kotun tarayya ta yanke a biya su naira biliyan 30, daga baya aka daidaita a kan biliyan 3. Ba su mayar da abin da suka rasa ba, amma da ba su da takarda ko wannan ba za su gani ba. Darasi biyu ne a nan: wurin da jama'a ke ganin nasu ne, ko da izini a yi hattara da shi, kuma in rana ta ɓaci takarda ce kaɗai ke magana.

Ita ma takarda tana da iyakarta. A ƙasar Turkiyya, a 2018, gwamnati ta yi afuwa ga gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba, mai gida ya biya kuɗi a ba shi takarda ba tare da an gyara ginin ba. Da girgizar ƙasa ta zo ranar 6 ga Fabrairu 2023, sama da mutum 50,000 suka mutu a ƙasar, kuma injiniyoyin can sun sa wannan afuwa cikin abubuwan da suka ƙara yawan ɓarna. Hatimi na iya kare mutum daga tara, amma ba ya riƙe bango.

Yadda ta ƙare

Baiwar Allah mai man gyaɗa ba ta samu takardar da take nema ba, domin babu ofishin da ke bayar da izinin zuba wa maƙwabci ruwa. Dattawan unguwa ne suka zaunar da su. Ta toshe tagogin baya, ta kwance kwano ta juya shi zuwa tsakar gidanta, ta rushe ɗakuna biyun da suka tare hanyar ruwa, ta mayar da ɗaya salga. Maƙwabcin kuma ya yarda ta ci gaba da jingina da katangarsa bayan ta biya rabin kuɗinta, aka rubuta, shaidu suka sa hannu. Da ta sake bugo waya ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne, abin da mutumin ya ba ta a ƙarshe, da ta je ta gaishe shi tun farko da ya ba ta ba tare da ko ɗaya daga cikin wannan hasara ba.

Kira ga hukumomin ƙananan hukumominmu shi ne su fassara waɗannan ƙa'idoji da Hausa, a karanta su a gidajen rediyo da ranakun kasuwa, a kuma liƙa kuɗin kowace takarda a bakin ofis, domin rashin sani ne ke tura talaka hannun ƴan kama-mini. Magina su ji tsoron Allah su faɗa wa mai gida gaskiya ko da aikin zai kuɓuce musu. Ku kuma iyayenmu mata da ƴan'uwa ƴan kasuwa, kafin motar yashi ta sauke, a je a ga maƙwabci, a je a ga hukuma, a tsaya a filin ranar da aka yi ruwa a ga inda yake bi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya sa albarka a cikin nema, ya tsare mu da dukiyar da za ta zame mana abin da-na-sani, amin.